Wa Zai Gaji Kalangun Fagge?

 Sharhinmu na yau a kan kiɗa da rawa ne, musamman a kan mutumin da yake koyar da su. Na san akwai wanda da jin haka zai kai hannu ya murɗa rediyonsa zuwa wata tasha, yana cewa ina ruwan mutumin kirki da zancen makaɗa. Malam, dakata tukuna. Ka ba ni aron kunnenka na ɗan lokaci, don kai ne na fi so ka ji wannan magana.

A ranar 21 ga watan Yuni na shekarar 2021, wani dattijo ɗan ƙasar Gini mai suna Mamadi Keita ya rasu a Beljiyam yana da shekara 70. A nan Kano rasuwarsa ba ta yi wani amo ba. Amma a Jamus da Amurka da Jafan da Meziko, mutanen da suka zauna a gabansa suka ɗauki darasi sun yi jimami irin na ɗaliban da suka rasa malaminsu. Abin da ya koya musu kuwa ganga ce, wadda Mandinkawa suke kira jembe, mai siffar turmi, an rufe bakinta da fatar akuya, ana kaɗa ta da tafin hannu, ba da gula ba.

Mandinkawan nan ba baƙinmu ba ne. Tarihin Kano ya nuna a zamanin Sarki Yaji, wanda ya yi mulki daga 1349 zuwa 1385, Wangarawa suka iso daga Mali da littattafansu da fataucinsu. Daga wannan tsatso Mamadi ya fito. An haife shi a 1950 a ƙauyen Balandugu, yankin Sigiri, arewa maso gabashin Gini, dab da iyakar Mali. Mahaifinsa maharbi ne kuma masanin magungunan itatuwa. Ku riƙe wannan, don za mu dawo kansa: kiɗa ba gadon gidansu ba ne. Labarin da shi kansa ya sha bayarwa shi ne, tun yana rarrafe yake kife tukwanen mahaifiyarsa yana dukansu. Yana ɗan shekara 7 aka danƙa shi a hannun babban makaɗin garin, Karinkajan Konde, wanda ya koya masa kaɗe-kaɗen yankinsu da tarihin kowanne.

Gini ta sami 'yancin kanta a 1958, kuma gwamnatin Seku Ture ta ɗauki kiɗa da rawa a matsayin aikin ƙasa. Kowane gari da ƙungiyarsa, kowace gunduma da tata, ana gasa daga ƙasa har sama ana tsamo gwanaye. Mamadi yana da shekara 12 aka ɗauke shi zuwa ƙungiyar Sigiri. A 1964, yana da 14, ya shiga cikin waɗanda aka tace daga ɗaruruwan makaɗa da 'yan rawa, aka tsallaka da su tsibirin Kasa da ke gaban birnin Konakiri, aka tsare su wata da watanni ana ba su horo. Da su aka kafa ƙungiyar rawa ta ƙasa mai suna Joliba. Shi ne ƙarami a cikin makaɗanta, amma bai daɗe ba ya zama mai jan gaba, kuma daga 1979 zuwa 1986 shi ne yake tsara mata wasanni. Ya zaga ƙasashe da ita, har da babban bikin al'adun Afirka da aka yi a Aljeriya a 1969.

Kada mai sauraro ya ɗauka yabon wannan tsari nake yi baki ɗaya. Yaro ne aka raba da uwarsa da sunan ƙasa. Sai da ya shekara 26 bai taka Balandugu ba, kuma wani fim da Bafaranshe Laurent Chevallier ya ɗauka, wanda ya fito a 1991, ya nuna ranar komawarsa: ƙaton namiji wanda duniya ta san sunansa, yana zubar da hawaye a tsakiyar 'yan'uwansa. Fodeba Keita kuwa, wanda ya kafa ƙungiyar da ta fara kai rawar Gini idon duniya, har ya riƙe minista, a kurkukun Boiro ya ƙare a 1969, a hannun gwamnatin da ya yi wa hidima. Duk wanda yake kiran gwamnati ta rungumi al'ada, ya san irin rungumar da yake roƙo.

Abin da ya sa na kawo Mamadi yau shi ne kashi na biyu na rayuwarsa. Seku Ture ya mutu a 1984, ƙungiyoyin gwamnati suka shiga wani hali, gwanaye suka watse neman abinci. A 1986 Mamadi ya koma Abijan ya shiga ƙungiyar Koteba ta Suleman Koli. A 1988 ya sauka a babban birnin Beljiyam, kuma a 1991 ya buɗe makarantarsa ta kansa mai suna Tam Tam Mandingue, wadda daga baya ta yi rassa a Turai da Amurka da Asiya.

Mu a nan mun saba da gwanin da in ka ce ya nuna maka yadda yake yi, sai ya yi murmushi ya ce ai abin a jini yake. Mamadi ya sami kansa a gaban mutanen da babu ɗigon wannan jini a jikinsu, ba su taɓa jin ganga a dandali ba, ba su jin harshensa. Dole ya zauna ya warware abin da hannunsa yake yi ba tare da tunani ba, ya jera shi daki-daki. Jembe tana da murya uku. Akwai dukan tsakiya da dukan tafi, mai kauri. Akwai dukan gefe da yatsu a haɗe, mai zagaye. Akwai kuma mari da yatsu a sake, mai kaifi. Ɗalibi yakan shafe watanni yana neman raba na biyu da na uku kafin kunne ya yarda da shi. A bayan jembe akwai ganguna uku da ake duka da sanda, kenkeni ƙarama, sangban matsakaiciya, dununba babba, da ƙararrawar ƙarfe a jikinsu. Su ne suke riƙe da gindin kiɗan, kuma wanda bai san abin da suke faɗa ba, ko hannunsa ya kai walƙiya sauri, hayaniya yake yi. Rawa kuma ba ta rabuwa da wannan duka. Mai jan gaba idonsa yana kan ƙafar mai rawa, yana da kiran da yake yi da ganga na a fara, na a sauya taku, na a tsaya, kuma mai rawar da ya sami horo yana gane kiran kafin ya ƙare.

Sannan ga abin da ya fi burge ni. Ba ya barin ɗalibi ya kaɗa abin da bai san asalinsa ba. Wannan kiɗa sunansa Kasa, na manoma ne, a bakin gona ake yin sa. Wannan Soli ne, na kaciya. Wannan Dununba, na ƙarfafan samari a yankin Kurusa. Wannan Menjani, na 'yan mata ƙanana. Kowanne da sunansa, da ƙabilar da take da shi, da lokacin da ake buga shi. A 1999 shi da wata ɗalibarsa Bajamushiya, Uschi Billmeier, suka fitar da littafi mai ɗauke da kaɗe-kaɗe kusan 60 a rubuce, da bayanin kowanne. Ya kuma kafa jarrabawa: wanda yake son ya koyar da sunan makarantarsa sai ya zauna a gabansa ya buga kowane sashe na kowane kiɗa, ya faɗi tarihinsa, sannan a ba shi takardar shaida.

Abin bai tafi ba tare da asara ba. Jembe ta zama hajar kasuwa, ana sassaƙa ta tuli a ƙasashen da ba su taɓa jin sunan Sigiri ba. Kiɗan da ake yi a da'ira, kowa ya shiga ya fita, an miƙe shi layi a kan dandamali don 'yan kallo. Da yawa daga makaɗan ƙauyukan da abin ya fito ba su ga ko sisi daga wannan ciniki ba. Duk da haka, yau in wani yaro a Gini yana son ya san yadda ake buga Soli, akwai littafi, akwai faifai, akwai malami mai isnadi har zuwa Karinkajan Konde.

To, mu dawo gida.

Fagge tun asali zango ce, masaukin Buzaye da fatake a bayan ganuwa. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, kuma wajen 1913 Turawa suka yanka Sabon Gari don ma'aikata da 'yan kasuwar da suka biyo dogo daga kudu da sauran ƙasashen Afirka ta Yamma. Yau duka biyun suna cikin ƙaramar hukuma ɗaya, kuma a ganina babu wani yanki a Kano da ya tara hannayen makaɗa iri-iri kamar wannan. A Fagge Abbatuwa take, kuma kowa ya san kalangu kiɗan mahauta ne, kamar yadda dambe wasansu ne tun kafin ya zama na kowa.

Ka je filin dambe na Ado Bayero Square da ke Sabon Gari bayan la'asar. Ka bar kallon 'yan damben na ɗan lokaci, ka kalli makaɗan. Ga kalangu a rataye a kafaɗa, an danne shi a hammata. Hannun dama yana riƙe da gula mai lanƙwasa, hannun hagu yana kan tsarkiya. In ya matse, fata ta ɗaure, murya ta hau. In ya sassauta, ta sauka. Da wannan hawa da sauka yake bin karin harshen Hausa, har wanda kunnensa ya saba ya ji an kira mutum da ubangidansa da garinsu ba tare da an buɗe baki ba. Ɗan dambe yana zaune a ɓangarensu, Kudu ko Arewa ko Guramada, an naɗe masa hannu da zare, ya sunkuyar da kai. Sai makaɗi ya juyo ya saki takensa. Nan take tsigar jikinsa ta tashi, ya miƙe tsam, ya miƙa hannuwa yana karkarwa, yana kirari. Makaɗin nan ba ya kuskuren ba shi taken wani. A kansa akwai taken mutane da yawa, na rayayyu da na waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, tun daga zamanin su Shago wanda Ɗan'anace ya ɗaukaka sunansa. Babu inda ya rubuta ko ɗaya.

Yanzu sauke idonka ƙasa kaɗan. A gefen manyan, in an yi sa'a, za ka ga yaro ɗan shekara 10 ko 12 da 'yar ƙaramar ganga, kuntuku ko kazagi, yana buga abu ɗaya tak yana maimaitawa. Makarantar ke nan. Kafin a ba shi wannan ma sai da ya yi ta ɗaukar kaya a bayan maigida, ya koyi shanya ganga in damina ta sa fata ta saki, ya zauna yana kallon yadda ake ɗinke fata da jan tsarkiya. In ya kauce ba a tsayar da kiɗa a yi masa bayani. Harara ce, ko a ɗan taɓa shi da gula a ka. In ya yi daidai ba a ce masa komai. Shekaru zai yi a haka kafin a bar shi ya rungumi kalangu a gaban jama'a, wani lokacin ma sai ranar da maigidan ya makara ko hannunsa ya gaji. Mutumin da ya ɗauki yaro daga ɗaukar kaya ya kai shi nan, ya zuba masa taken mutane da asalinsu, ya koya masa wanda ake fara gaisarwa a fili da wanda ake bari sai ƙarshe, ya koya masa lokacin da ake zuga da lokacin da ake sanyaya wa mutum zuciya don kada a yi ɓarna, ni malami nake kiransa. Aikin da Mamadi Keita ya yi a Beljiyam shi ne wannan dattijo yake yi a bakin fili, sai dai shi ba shi da allo, ba shi da takardar shaida, kuma ba wanda yake biyansa kuɗin koyarwa.

Kuma abin da yake riƙe da shi yana da tsari ba kaɗan ba. Bahaushe ya raba wa kowace sana'a kiɗanta. Manomi yana da gangar noma, maƙeri yana da dundufa, maharbi yana da komo, mahauci yana da kalangu. Fada tana da tambari da kotso da taushi da jauje da banga. Mata a cikin gida suna da ƙwaryar amada, wadda Barmani Coge ta riƙe har rasuwarta a 2013. 'Yan mata suna da gaɗa da asauwara a dandali. Duk abin da Mamadi ya jera wa Turawa, na manoma da na samari da na 'yan mata, muna da kwatankwacinsa, da sunansa, da lokacinsa.

Wannan hanyar koyarwa ta yi aiki ɗaruruwan shekaru saboda yaron yana nan a gefe. Yau yaron ne yake ƙaranci. Ya tafi makaranta, kuma madalla da haka. Amma ko ya taso daga makarantar ba ya zuwa, don ba ya son abokansa su kira shi ɗan maroƙa. Mu faɗa wa kanmu gaskiya: Bahaushe yana son kiɗa, amma ba ya son makaɗi a zuriyarsa. Zai yi masa liƙi har aljihu ya ƙare, zai ba shi riga, masu hali har mota da kujerar Makka, amma ranar da ɗan makaɗin nan ya zo neman auren 'yarsa sai a tashi binciken asali. Mun ɗaure kiɗa da gado, sannan mun mai da gadon abin kunya. Ɗan gidan yana gudu, ɗan wani gida kuma ba shi da ƙofar shiga. Da a Fagge aka haifi Mamadi, ɗan maharbi mai kife tukwane, da wuya a sami wanda zai kai shi wurin makaɗi. Tsawa za a yi masa a ce wannan ba aikin gidanmu ba ne.

Tsallaka titi ka shiga Sabon Gari ka ga yadda maƙwabtanmu suke yi. Yarabawa suna da gidajen Ayan, zuriyar makaɗan gangan da dundun da bata, kuma sunan abin alfahari ne a wurinsu. Ƙungiyoyin 'yan gari ɗaya na Ibo suna tara yaransu su koya musu taku da ogene da udu da ekwe, har da atilogu mai tsalle-tsalle, don ranar biki yaron da aka haifa a Kano ya iya rawar garin kakansa. Tibi suna da suwange. A coci-coci yaro yana fara riƙe ganga tun yana ƙarami, babba yana tsaye a kansa yana gyara masa. Likita ko lauya a cikinsu ba ya jin an rage masa daraja don 'yarsa ta shiga layin rawar garinsu. Daga cikin irin waɗannan mutane Babatunde Olatunji ya fito, ɗan Ajido kusa da Badagiri, wanda ya je Amurka karatu a 1950, ya ƙare da buɗe cibiyar koyar da kiɗa da rawar Afirka a unguwar Harlem ta birnin New York.

Sai maganar addini, wadda ba zan kewaye ta ba. Malamanmu sun daɗe suna saɓani a kan kiɗa, kuma ba a wannan fili za a yanke hukunci ba. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo a cikin Kitabul Farƙi ya soki sarakunan zamaninsa da shagala da kaɗe-kaɗe dare da rana ba da wata manufa ta shari'a ba, ya kuma bar ganga inda take da aiki, kamar tara runduna da sanar da tashinta da saukarta. Abin da na fahimta a nan shi ne ana duba me ake yi da gangar, a gaban wa, a wane lokaci. A cikin garin nan bandirin Ƙadiriyya na gidan Shehu Nasiru Kabara bai rasa magada ba, don yaro yana tashi yana ganin manya masu mutunci suna riƙe da shi. Tambari da kakaki da algaita suna nan a hawan Sallah, hawan da hukumar UNESCO ta sa a jerin al'adun duniya a watan Disamba na 2024. Wanda yake ƙyamar abin da ake yi a wasu gidajen gala, da shaye-shaye da cakuɗuwar da ba ta dace ba, ina tare da shi ɗari bisa ɗari. Amma ba kalangun mahauta ne ya kawo wannan ba. Yawancin wuraren ma babu ganga ko ɗaya, sai lasifika. Mun kori dattijon da ya san iyaka, wanda in yaro ya wuce gona da iri zai iya tsayar da kiɗa, mun bar fili ga na'urar da ba ta san kowa ba.

Na'urar nan kuwa mun ga shigowarta da idonmu. Fim ɗin Hausa na bidiyo ya fara da Turmin Danya a 1990, kuma kamar yadda Farfesa Abdalla Uba Adamu ya bayyana a rubuce-rubucensa, finafinan farko sun jingina da makaɗan gargajiya irin 'yan koroso, da sarewa da lalajo. Kafin ƙarshen shekarun 1990 fiyanon Yamaha ya shigo, kuma bayan Sangaya a 1999 kasuwa ta juya gaba ɗaya. Mutum ɗaya a ɗaki da fiyano da kwamfuta ya ɗauke aikin ƙungiya guda. A gidan biki ma dije ya fi sauƙin kuɗi, ba ya kuma zuwa da tawaga. Ba na zagin 'yan fiyano. 'Ya'yanmu ne, sun sama wa kansu sana'a, wasunsu gwanaye ne na gaske. Sai dai sautin da yake fitowa daga na'urar mai kama da kalangu ba ya matsuwa, ba ya sassautawa, don haka ba ya iya kiran sunan kowa. Kuma da yawa daga cikin waɗannan matasa, da za su sami inda ake koyar da ainihin abin ba tare da an ce sun zama maroƙa ba, da sun je.

Ba za a ce masana sun yi barci ba. David Ames da Anthony King sun fitar da ƙamus na kayan kiɗan Hausa a 1971. A Jami'ar Ahmadu Bello, Ziky Kofoworola da Ba'amurken nan mai busa, Yusef Lateef, sun fitar da littafi a kan wasanni da kaɗe-kaɗen Hausa a 1987. A nan Jami'ar Bayero, Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau ya shafe rayuwarsa yana tattara tarihin makaɗa da mawaƙa. Allah ya saka musu. Amma nazarinmu ya fi karkata ga baitin waƙa, don shi ne yake hawa takarda cikin sauƙi. An yi digiri a kan waƙoƙin Mamman Shata ba adadi tun kafin rasuwarsa a 1999. Mutanen da suka tsaya a bayansa da kalangu shekara da shekaru, waɗanda in sun saki hannu kake gane Shata ne tun bai buɗe baki ba, mutum nawa ne suka zauna a gabansu suka ɗauki hannun? Hannu ba ya shiga littafi shi kaɗai. Sai wani hannun ya karɓa.

Maƙwabtanmu na Nijar sun nuna ana iyawa. A Yamai akwai cibiyar koyar da kiɗa mai ɗauke da sunan Alhaji Taya, inda ake ajiye kayan kiɗan gargajiya ana kuma koyar da su. Malam Maman Barka, malamin makaranta ɗan Tesker wanda muka sani da gurmi, a 2002 ya tattara ya tafi bakin Tafkin Cadi ya zauna a gaban wani tsoho Bukar Tar, wanda ake ganin shi ne na ƙarshe da ya iya kaɗa biram, kayan kiɗan ƙabilar Buduma. Ya koya, tsohon ya rasu, Barka ya ɗauki biram ya kai ta har Turai kafin shi ma ya rasu a 2018. Malami ne ya durƙusa a gaban makaɗi, kuma bai ragu da komai ba.

Mu ma muna da wurin farawa. Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Kano tana da 'yan koroso, kuma duk wanda ya taɓa ganinsu ya san wannan ba wasan yara ba ne: kacau-kacau a ƙafa yana amsa ganga, sarewa tana bi ta sama, ana rawa biyu-biyu, ɗaya ya naɗe jikinsa ɗan'uwansa ya ɗaga shi cak ba tare da taku ya ɓace ba. Wani ne ya koya musu wannan, taku bayan taku, kuma akwai waɗanda suka tsufa a cikinsa. Hukumar tana Gidan Ɗan Hausa, gidan Hanns Vischer, wanda ya buɗe makarantar boko a Nasarawa a 1909. Wurin ya san koyarwa. Roƙona ga hukumar shi ne a ware rana a mako da waɗannan gwanaye za su zauna a matsayin malamai, da rajista, da mataki-mataki, da takardar shaida a ƙarshe, maza a nasu lokaci, mata a nasu, da malamai mata, don uba ya saki jiki ya kawo 'yarsa. Ƙaramar hukumar Fagge tana da makarantun firamare da ajujuwansu suke a rufe ranar Asabar. Sarkin Fawa da shugabannin dambe sun san dattawan da take yake kansu, sun san gidajensu. In suka yi kira za a amsa. Sashen harsunan Najeriya na Jami'ar Bayero yana da ɗaliban da suke neman abin da za su yi bincike a kai, ga shi nan tsakanin Abbatuwa da Sabon Gari, kuɗin adaidaita sahu ɗaya. A kuma buɗe ƙofa ga kowa, ɗan gado da ɗan haye, ɗan Fagge da ɗan Sabon Gari, a biya malamin albashin koyarwa, ba kyauta ba, ba liƙi ba, don ranar da aka fara biyansa a kan abin da ya sani ne za a daina kiransa maroƙi.

Kai kuma mai sauraro, ba sai ka jira hukuma ba. In akwai tsohon makaɗi a layinku, ko a Fagge kake ko a Sabon Gari ko a ina, ka je ka gaishe shi a wannan makon. Ka nemi izininsa, ka kunna wayarka ta ɗauki hannunsa, ba fuskarsa kaɗai ba. Kowane take ya buga ka tambaye shi: na wane ne, a ina ake buga shi, wa ya koya maka? Ka rubuta sunan malamin nasa. In za ka tashi, ka sallame shi kamar yadda kake sallamar malamin da yake yi wa ɗanka darasi a gida. In kuma kana da yaron da ya dame ku da dukan bokiti da ƙofa, ka tafi da shi.